Yaya ake haɗa fayif ɗin ƙarfe da manifol ɗin kas ba tare da ya tsage ba?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Dan Allah masu walda da makanikai a taimaka min da shawara don wallahi abin nan ya kai ni bango.

Ina da wata tsohuwar mota mai silinda 4 ta fetur, manifol ɗin salansarta na kas ne, wannan ƙarfen zubin mai nauyi da yake ɗaure a jikin kan inji. To wajen da fayif ɗin salansa yake haɗuwa da shi akwai kunnuwa uku masu noti, biyu sun karye, ɗaya tun da daɗewa, ɗayan kuma ni na ɓalla shi da hannuna ina ƙoƙarin kwance notin da tsatsa ta cinye. Sai na ce me zai hana in yanke ragowar in zura fayif kai tsaye in bi shi da walda kowa ya huta. Fayif ɗin faɗin bakinsa milimita 50 ne, kaurin jikinsa bai wuce 1.5 ba, baƙin ƙarfe ne na yau da kullum.

Ina ɗan taɓa walda sama-sama, na ɗauko sandar 6013 da nake ƙofofi da ita na zagaye shi tas, a ido dai ta yi kyau har ina jin daɗi. Ina cikin naɗe waya sai na ji ƙas! kamar an taka busasshen kara. Na duba, waldar tana nan lafiyarta ƙalau amma kas ɗin da ke gefenta ya tsage kusan rabin zagaye. Na kai wa wani mai walda ya ƙara wuta ya lafta mata wata a kai mai kauri, kwana 9 ta yi, ina tafiya na ji motar ta koma ruri kamar tarakta, da na leƙa fayif ɗin ya ɓalle gaba ɗaya kuma da ɓarin kas manne a jikin waldar.

Yanzu kowa da abin da yake faɗa min. Wani ya ce tagulla da gas, wani ya ce sandar sitenles, wani ma ya ce in shafa gam ɗin nan na ƙarfe mai kala biyu da ake cakuɗawa. Wanne ne gaskiya? Ko dai ba a haɗa su ne kwata-kwata ina wahalar da kaina?

Baba_Mai_Walda ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Yaro sannu da ƙoƙari, kuma kada ka ji kunya, duk wanda ya riƙe kan walda ya taɓa jin wannan ƙas ɗin, ni na ji shi ya fi a ƙirga kafin in yi hankali.

Gam dai ka ajiye shi gefe tun yanzu, wannan ko digiri 300 ba ya kaiwa ya ƙone, wajen da kake magana kuwa ya ninka haka idan mota ta ɗau hanya.

Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, waldar ba ta karye ba, gefenta ne ya karye, kuma karo na biyu ta taho da ɓarin kas a jikinta. Amsarka ke nan a hannunka. Kas ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa, halinsa halin tukunyar ƙasa ne, in ka matsa masa ya jure amma in ka ja shi sai ya fashe. Ita kuma walda da ta fara hucewa sai ta tsuke, tana tsukewa tana jan abin da ke gefenta, in baƙin ƙarfe ne a gefen sai ya ɗan biyo ta a zauna lafiya, in kas ne ba zai biyo ba sai dai ya rabu. Sannan wurin da wuta ta narka kas ɗin ya huce da sauri yakan koma fari fat mai taurin tsiya, ka gwada goga magagari a bakin wajen da ya ɓalle za ka ji yana zamewa kamar a kan gilashi, ba ya ci. Wannan farin layin shi ne yake karyewa. Mai waldar da ya ƙara maka wuta ya lafta da kauri bai yi komai ba sai faɗaɗa wannan farin layin da ya yi, gyaran gangar auzinawa kawai.

In walda za ka yi to sandar nikel za ka nema. Iri biyu ce aka fi samu, akwai mai nikel kusan zalla da ake ce wa 99, a kwalinta za ka ga ENi-CI, akwai kuma mai nikel wajen kashi 55 sauran ƙarfe, ita ce ENiFe-CI. Ta haɗa kas da baƙin ƙarfe ni 55 nake ɗauka kullum, ta fi ƙarfi kuma ta fi jure dattin kas. 99 tana da laushi, ta fi kyau inda za a zo a huda ko a goge daga baya.

Amma sanda kaɗai ba ta aikin. Ka ciro manifol ɗin daga mota, kada ka yi a jikin inji. Ka yanke duk wajen da tsohuwar walda ta taɓa har ka iso lafiyayyen kas mai launin toka, in akwai tsaga da ta yi gaba ka bi ta har ƙarshenta ka huda ƙaramin rami kamar na milimita 3 a nan don kada ta ci gaba da tafiya. Ka gasa shi gaba ɗayansa, ba bakin kawai ba, gaba ɗaya nake cewa, a hankali a kan garwashi ko da gas kana yawo da wutar, har ya kai wajen digiri 300 zuwa 400. In ba ka da na'urar auna zafi ka ɗora ɗan guntun dalma a kai, dalma tana narkewa a 327, da ka ga ta kwanta to ka shigo layi. Sai ka rage wutar inji, sandar milimita 2.5 tsakanin amfiya 60 da 80 ta isa, ka yi ɗan gajeren layi kamar tsawon gaɓar yatsa ka tsaya, nan take tun yana da zafi ka ɗauki ƙaramar guduma mai kan ƙwallo ka daddaka waldar a hankali tak tak tak, wannan dakan yana baza ta ne ya rage jan da take yi. Sai ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka yi wani, kada ka zagaye a numfashi ɗaya irin yadda ka yi da farko. In ka gama ka sake ɗumama shi duka ka binne shi cikin busasshen yashi ko toka mai ɗumi ka tafi gida ka kwanta. Kada ka tono shi don ka leƙa. Sai gobe.

Ɗan_Gas ya rubuta:

Baba a gafarce ni, ba musu nake da kai ba amma ni a ganina duk wannan dogon zagaye ne. Birezin da tagulla, wato liƙi da narkakkiyar tagulla da wutar gas, shi ne maganin kas tun zamanin iyayenmu, saboda ba ka narka kas ɗin ma balle ya yi wannan farin taurin da kake faɗa. Tagulla tana narkewa tun kafin digiri 900, kas kuwa sai ya kusa 1200, kenan kana gasa shi ne ya yi ja kawai, ka tsoma sandar a hodar borakis ka ɗiga, in wajen yana da tsabta za ka ga ta bi jiki ta malale kamar ruwa a kan siminti. Kuma tagulla tana da laushi, in ta huce ita ce take miƙewa ba kas ɗin ba. Fayif mai 1.5 ma da gas ya fi sauƙi don sandar lantarki tana taɓa shi za ta huda.

Sirrin kawai tsabta ne. In ka goge kas da giranda dutsen yana shafe baƙin garin nan na jikinsa a saman wajen, irin na bakin fensir, tagulla kuma ba ta kama shi, sai ka ga tana dunƙulewa tana gangarewa. Shi ya sa bayan giranda nake bi da magagari ko in ƙona saman da wuta mai iska da yawa in goge da burushin waya. Na yi wa wani injin ban ruwa na dizal irin wannan aikin, shekara ta zagayo yana aiki ban ji an dawo da shi ba.

Injiniya_Shiru ya rubuta:

Salam. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba amma wannan ya taɓo inda nake.

Malam Ɗan_Gas maganarka gaskiya ce a wajen da take gaskiya. Injin ban ruwa na dizal da motar fetur ba zafinsu ɗaya ba. Hayaƙin dizal ya fi sanyi, na fetur idan mota tana hawan tudu da kaya yakan kai digiri 800 har ya wuce, wanda ya taɓa buɗe bonet da daddare bayan doguwar tafiya ya ga manifol ya yi ja-ja ya san abin da nake faɗa, kuma ƙarfe ba ya nuna ja sosai sai ya haura 500. Tagulla ba sai ta narke take sakin aiki ba, tun daga wajen 300 ƙarfinta yake fara zubewa, a 600 ta zama lagwani. Kuma inda mai tambaya yake son haɗawa shi ne mahaɗar da hayaƙin silinda huɗun yake taruwa, babu inda ya fi nan zafi. Da can ƙasa ne bayan rabin mita ko a kunnen da ke riƙe da murfi da na ce a yi birezin a wuce wajen.

Sandar sitenles kuma da aka ba shi shawara, 309 ake nufi galibi, tana kamawa kuma wasu suna samun sa'a da ita, amma matsalarta kumburi. Kowane ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, sai dai ba daidai suke buɗewa ba. Kas da baƙin ƙarfe kusan tafiyarsu ɗaya, sitenles kuwa ya fi kas buɗewa da fiye da rabi. A baki mai faɗin milimita 50 in zafi ya ƙaru da digiri 600, bambancin kas da baƙin ƙarfe bai kai 0.05 na milimita ba, amma na kas da sitenles yana kusan 0.2. A ido ba komai ba ne, amma ka tuna duk tayar da mota da kashe ta sai an ja an saki, safe da yamma, kas kuma ba ya yafe irin wannan. Don haka ina bayan Baba a kan nikel 55, kuma fayif ɗin ya zama baƙin ƙarfe kada a ce za a yi gwaninta a sa na sitenles don ƙyalli.

Dalilin farin layin da Baba ya faɗa kabon ne. Kas yana ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, baƙin ƙarfen fayif bai kai 0.3 ba. Sandar 6013 in ta narke ta haɗu da kas sai ta sha wannan kabon ɗin ta koma ƙarfe mai tauri marar haƙuri. Nikel ba ya ƙulla irin wannan taurin da kabon, shi ya sa waldarsa take zama da laushi ko ta sha.

To amma ni abin da ya fi damuna ba sanda ba ce, tsarin ne gaba ɗaya. Ka tambayi kanka me ya sa kamfanin da ya ƙera motar, da duk injinan da yake da su, bai yi waldar fayif a jikin kas ba ya sa noti uku da gasket? A motoci da yawa ma har da sifirin a jikin notin da gasket mai siffar zobe don wajen ya riƙa ɗan motsi. Inji yana zaune ne a kan roba, yana rawa, in ka taka totur ya karkata gefe, salansa kuma doguwa ce mai nauyi tana rataye a ƙarƙashin mota. In ka manne su ƙam duk wannan jijjigar da nauyin a kan waldarka za su ƙare, kamar mutum ne ya kama ƙarshen doguwar sanda yana lanƙwasawa sama da ƙasa dare da rana. Ina kyautata zaton abin da ya ƙarasa waldarka ta biyu a kwana 9 kenan, ko da nikel aka yi ta a haka ba za ta yi nisa ba.

Ga yadda zan yi da nawa ne. Kada ka yi waldar dogon fayif mai 1.5 a jikin kas mai kaurin 6 ko 8, kafin kas ya ji wuta fayif ya huje. Ka nemi guntun fayif mai kauri, jikinsa 3 zuwa 4, tsawonsa kamar milimita 60 zuwa 80, ka gyara bakin manifol ɗin yadda guntun zai ɗan shiga ciki ya zauna da kansa ba walda ce take riƙe da shi a iska ba. Ka fara shimfiɗa siririn layin nikel a bakin kas ɗin shi kaɗai ya zama kamar ka yi masa shafe, sannan ka haɗa guntun da wannan shafen. A ɗaya ƙarshen guntun ka sa filanji, wato faffaɗan zobe na baƙin ƙarfe mai ramukan noti, wannan da sandarka ta ƙofofi ma za ka iya, kuma ka yi shi tun kafin ka kawo guntun jikin kas. Daga filanji sai gasket, sai fayif ɗin salansa, kuma a kusa ka saka fayif ɗin nan mai saƙar waya da yake lanƙwasa, ka ƙara maratayi ɗaya da zai ɗauke nauyin. Ta haka waldar kas ɗin aikinta toshe hayaƙi da riƙe ɗan guntu kawai.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Injiniya wallahi kamar kana wajen, robar da take rataye da salansar ta tsakiya ta tsinke tun bara ban maida ba, kenan duk nauyin a kan waldar yake ni ban ma kawo wannan a raina ba.

Baba na samo nikel 55 ɗin na ciro manifol na yanke bakin kamar yadda ka ce. To na ce bari in ɗan gwada a ɓarin da na yanke kafin in taɓa babban, sai na ga abin mamaki, sandar tana narkewa amma ba ta kama jiki, tana taruwa ƙwallo-ƙwallo tana gangarowa, wajen yana tafasa yana tartsatsi da wani baƙin hayaƙi, in na sa guduma sai ta ɓalle da ƴan ramuka a ƙasanta kamar gidan rina. Sandar ce jabu ko hannuna ne?

Baba_Mai_Walda ya rubuta:

Ba sanda ba ce ba kuma hannunka ba ne, ƙonannen kas ka samu. Ka yi dabara da ka gwada a ɓari.

Manifol da ya shekara da shekaru yana yin ja yana hucewa, ƙarfen saman jikinsa yakan mutu, iska ta shige shi ta cinye, ya zama kamar ɓawo, ga kuma baƙin hayaƙi da mai da suka tsotsu a cikin ƙofofin jikinsa. Walda ba ta kama matacce. Ka duba wajen da ka yanke da kyau, lafiyayyen kas launin toka ne mai ɗan ƙyalli, ƙonanne kuwa ya yi duhu ko ja-ja kuma in ka kankare shi da bakin sukundireba yana zubowa kamar ƙasa. Ka ci gaba da yankewa kaɗan kaɗan kana matsawa baya har ka iso mai rai. Ka gasa wajen sosai tukuna man da ya sha ya ƙone ya fita, za ka ga yana hayaƙi, ka bari sai ya daina. Layin farko in ya yi ramuka kada ka rufe shi da wani, ka goge shi ka sake, wani lokaci sai a karo na biyu ko na uku yake kamawa don layin farkon shi yake tsotso dattin. In ka yi sau uku yana nan yana tafasa, ko ka ga ka ci baya har naman ya ƙare, to ka haƙura da shi, ba kowane kas ne yake karɓar gyara ba kuma ba gazawarka ba ce.

Abu biyu da na manta ban faɗa ba. Kafin ka gasa ka ɗaure fuskar manifol ɗin, wajen da yake kwanciya a jikin inji, a kan wani faffaɗan ƙarfe mai kauri da notinsa duka, in kana da mataccen kan inji irin nasa ya fi, don zafi yana murɗa shi. Na biyu kada ka wanke wajen da feshin wanke birki sannan ka kawo wuta, wasu daga cikinsu suna da sinadarin kulorin, in ya haɗu da wutar walda yana zama iska mai guba da take kashe mutum, kaɗan ta isa. Burushin waya da wuta sun wadatar. Kuma guntun fayif ɗin kada ya zama farin fayif ɗin ruwa mai rufin zin, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai, in shi kaɗai ka samu ka goge rufin tas daga wajen da wuta za ta kai.

Direban_Dare ya rubuta:

Ni dai ban san walda ba amma na san tuƙi. Ɗan'uwa in akwai manifol ɗin motar nan na hannu mai kunnuwansa uku lafiya ka saya ka ɗaura ka huta, duk wannan gashi da binnewa a yashi sai ka ce jinya. Kuma dan Allah kada ka riƙa yawo da ita tana fitar da hayaƙi a gaba kana cewa sai an samu lokaci, hayaƙin nan yana shigowa cikin mota ta ramukan waya da na iska, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, sai dai ka ji kanka yana sarawa barci yana fizgarka. Ya taɓa faruwa da ni a wata motar da aka ba ni, gilasai a rufe saboda sanyi, Allah ne ya sa na tsaya na fito na yi ta amai a bakin titi ban san dalili ba sai da gari ya waye aka ga tsagar.

Ɗan_Gas ya rubuta:

Injiniya na karɓa, ban yi lissafin fetur ne ba, a mahaɗar nan kam tagulla za ta sha wahala. Amma tunda ana maganar bari in cusa tawa, in ƙaramin fayif ne fa, kamar mai kaurin yatsa, irin wanda yake ɗaukar hayaƙi ya mayar cikin inji ko wajen sa na'urar auna zafin hayaƙi? Shi ma sai an yi duk wannan hidimar?

Injiniya_Shiru ya rubuta:

A'a, wannan ko kusa da wuta kada ka kai shi. Ka huda ka yanka masa haƙoran noti da taf, ƙarfen nan mai yanka haƙora a cikin rami, ka ɗaura. Kas yana da daɗin hudawa, ba ya ma buƙatar mai don baƙin garin jikinsa shi ne man sa, kuma a nan za ka gane ko kas ne na gaske, in garin ƙarfe mai kama da toka yake zubowa kas ne, in zare-zare mai murɗewa yake fitowa to zubin baƙin ƙarfe ne ko wani nau'in kas mai laushi, don ba duk manifol mai kamar kas ne irin na da ba. Na'urar auna zafi galibi haƙorin fayif da ake kira 1/8 NPT take da shi, ramin sa wajen milimita 8.5 ne, sensar iskar oksijin kuma M18 mai tazarar 1.5, wato haƙori mai faɗin milimita 18 da tazarar milimita 1.5 tsakanin haƙora. Ka zaɓi wuri mai nama, wasu manifol ɗin ma suna da ɗan tudu da aka bari don haka. Haƙorin NPT tsukakke ne, yana ƙara matsewa yadda kake shiga, saboda haka kada ka tura taf ɗin har ƙarshe kuma kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya don yana iya tsaga kas kamar yadda ake tsaga itace da gatari. Ka shafa man hana kamewa mai jan ƙarfe ko mai nikel a haƙoran. In mota mai tabo ce, wato fankar da hayaƙi yake juyawa don ta tura iska cikin inji, ka ciro manifol ɗin kafin ka huda, garin ƙarfen in ya faɗa ciki fukafukan tabo zai je ya samu.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Salam jama'a, na dawo da labari don kada a ce na ci na goge baki. Direba na nemi na hannun, biyu na gani, ɗaya a tsage ɗaya kuma kunnensa ɗaya ya tafi, sai na koma kan nawa.

Na ƙara yanke kamar milimita 10 na iso mai launin toka. Layin farko ya yi ramuka na goge, na biyu ya kwanta lafiya ba tafasa. Na ɗaure shi a kan wani ƙarfe mai kauri amma gaskiya noti huɗu kawai na samu na sa ba duka ba, na gasa har dalma ta narke, na yi gajeru gajeru ina dakawa, hannuna har rawa yake ina jiran in ji ƙas, shiru. Na binne a toka cikin rabin duro, da safe na tono da sauran ɗumi a jikinsa, na ƙwanƙwasa da sifana ya yi ƙara garau. Na sa filanji da mai lanƙwasa na maida robar tsakiya har na ƙara ɗaya. Yau sati 3, na yi doguwar tafiya sau biyu, waldar ko gezau.

Saura abu ɗaya, da safe in na tayar ina jin tik tik tik ta wajen silinda ta ƙarshe, in ta ɗau zafi sai ya ɓace, kuma na ga ɗan baƙi a gefen gasket ɗin wajen. Waldar ce ta fara ko me?

Baba_Mai_Walda ya rubuta:

Madalla, ka yi aiki. Wannan ba walda ba ce, fuskar ce ta ɗan murɗe a inda ba ka sa noti ba, in ƙarfe ya ji zafi ya kumbura sai ya toshe shi ya sa yake ɓacewa. Kada ka ce za ka danne shi da ƙarin ɗauri, kunnen zai karye ko notin ya tsinke a cikin kan inji ka shiga wata sabuwa. Ka ciro shi ka ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a kan fuskar ka haska tocila ta baya, inda haske ya ratso nan ne. Ka kai wa masu injin goge kan silinda su ɗauke masa kaɗan ya daidaita, ka sa sabon gasket, in za ka ɗaure ka fara daga notin tsakiya kana fita gefe da gefe, bayan ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku ka sake bin notin da sifana.